Shekarar da aka goge muryar Inna

Haidar da Ilham, wannan babin saboda ku na rubuta shi. Akwai wata magana da take yawo a danginmu, kuma ranar da na ji ta a bakin Haidar na san shiruna ya isa. Abba ya hana shi fita ƙwallo don bai gama aikin makaranta ba, sai ya shigo ɗakinmu yana huci, ya ce wa Ilham ai dama Abba ne ya goge Inna. Na san inda ya kwaso ta. A Zariya ne lokacin hutu, a bakin Anti Lami ƙanwar Umma, wadda ko filin jirgin Doha ba ta taɓa gani ba. Ku biyu kuna ƙanana sa'ad da abin ya faru. Ni kuwa ina tsaye a wurin tun daga farko har ƙarshe. Kun san ba na iya buɗe baki a gaban mutane, amma idona ba ya barin komai ya wuce, don haka ga yadda aka yi.

Inna ita ce mahaifiyar Umma, sunanta aka sa mini, shi ya sa a gida ake kirana Ummi. Tun da Abba ya samu gurbin karatu a nan Doha muka tare a unguwar Old Airport, a hawa na biyu bisa wani shagon wanki da guga, ba mu ƙara zama da ita ba sai a waya. Inna ba ta karatun boko, ba ta kuma yarda da waya mai shafawa ba. Kawu Sani ne yake riƙe mata tasa ta yi magana, ya turo wa Umma, sannan ya share daga wajensa domin kullum wayarsa a cike take. Saboda haka saƙonnin nan babu su a ko'ina a duniya sai a cikin wayar Umma. Duk iri ɗaya suke farawa. Za ka ji shiru, ka ji tunkiya a bayan gida ko ana daka a maƙwabta, sai Inna ta ce:

"Ya fara? Sani, ya fara ɗauka?"

Daga nan ta gaishe da kowa bi da bi. Ta fara da Abba, ta tambayi karatu da zafin ƙasar Larabawa, ta dawo kan Umma da faɗan kada ta bar yara su manta miyar kuka. Haidar, kai angonta ne, kullum tana cewa ka ƙi aiko mata da kuɗin cefane. Ni kuma takan ce ina takwararta mai bakin kunya, a ba ta wayar ko tari ta yi ta ji. Da Inna ta rasu, da hantsi aka faɗa mana, kafin la'asar an kai ta. Umma ba ta ga gawarta ba. Abin da ya rage mata shi ne waɗannan saƙonni, kuma a kicin take sauraronsu. Takan cusa wayar a cikin hijabinta, tsakanin kunne da kumatu, yadda matan gida suke yi idan hannu biyu duk suna aiki, ta sunkuya kan tukunya tana tuƙa tuwo, Inna tana mata magana a kunne. Ina zaune a kan ƙaramar kujera ina yanka albasa, ina ganin tururi yana tashi yana lulluɓe fuskarta, wani lokaci har ta amsa wa Inna da "to" kamar tana jinta.

Wayar Abba ne ya saya mata a shagon kamfanin layinmu da ke cikin wani babban kanti, tun Inna tana da rai. Ranar ina tare da shi. Mai sayarwar ya kawo maganar wani tsari da suke kira kariya, wato a riƙa cire wani abu kowane wata tare da kuɗin layi, idan waya ta samu matsala su gyara ko su sauya. Na ji da kunnena Abba ya tambaye shi wace irin matsala, shi kuma ya ware hannuwa ya ce ko me ya same ta. Da muka dawo gida Umma ba ta so ba. Ta ce kariya ta Allah ce, ita ba ta ga dalilin biyan kuɗi a kan abin da bai faru ba. Abba ya yi dariya ya ce a gidan da Haidar yake rarrafe, abin da bai faru ba yana hanya. Bayan rasuwar Inna ta sake cewa a daina biya. A nan ne Abba ya daina dariya.

"Maman Ummi, yanzu ne ma ba zan daina ba. A da waya ce kawai. Yanzu Inna ce a ciki."

Ku riƙe wannan maganar, domin Anti Lami ba ta san da ita ba.

Wata Juma'a ce wayar ta faɗi. A lokacin Abba yakan taho da ɗalibai 'yan Najeriya marasa iyali daga masallaci su ci tuwo a gidanmu. Umma ta sunkuya za ta sauke tukunya, wayar ta zame daga hijabin ta bugi tayil da fuskarta. Da na ɗauko ta gilashin ya tsage daga kusurwa, ya yi baƙi ƙirin sai wani siririn layi kore a gefe. Amma Inna ba ta yi shiru ba. Tana cikin ba da labarin akuyarta da ta shiga gonar maƙwabci, kuma ta ci gaba da shi a tafin hannuna har ta kai ƙarshe ta yi sallama. Wayar tana da rai. Tana kaɗawa idan an kira, tana kiran salla a kan lokaci. Gilashin ne kawai ya mutu.

Bayan baƙi sun tafi aka yi gardamar. Umma ta ce a kai ta unguwar Mansura wurin Malam Isiyaku, wani Bahaushen Gana mai ɗan shagon gyaran waya wanda duk matan ƙungiyarsu suke kai wa, ya sauya gilashi a gabanta ta karɓi abarta. Abba ya kira kamfanin, aka ce masa duk wanda ya buɗe wayar in ba su ba, kariya ta faɗi. Ya zauna ya yi wa Umma bayani a hankali. Ya ce shagon Malam Isiyaku ko mutum biyu ba ya ɗauka, idan hannunsa ya goce ya taɓa wani abu a ciki babu wanda za a kama. Su kuwa kamfani suna da injiniyoyi da kayan aiki na asali, kuma an daɗe ana biyansu domin wannan ranar. Ba zan ɓoye muku ba, akwai taurin kai a ciki. Abba mutum ne da idan ya biya haƙƙi sai ya ga an ba shi nasa. Amma abin da ya fi yawa a muryarsa tsoro ne, kuma ya zaɓi wurin da ya ga ya fi aminci. Umma ta naɗe wayar a cikin hankici ta miƙa masa.

Na raka shi bayan an tashi makaranta, da kayan makarantata a jikina. Ma'aikacin da muka samu saurayi ne mai abin sauraro a kunne ɗaya, yana mana magana yana kallon wani wuri. Abba ya gaya masa da Turanci cewa akwai saƙonnin murya na surukarsa da ta rasu a ciki, babu su a wani wuri, yana so ya tabbatar ba za a taɓa su ba. Saurayin ya juya wayar a hannunsa ya ce gilashi ne kawai, mafi mushkila, wato babu matsala da Larabci. Ya juyo mana da wani allo, ya sa yatsansa shi da kansa ya ja rubutun sama da sauri, layuka suna wucewa kamar hawa-hawan bene idan kana cikin lif, ya tsaya a ƙasa inda ake sa hannu. Na ja hannun rigar Abba. Ya duƙo, na ce masa a kunne ya sake tambaya. Ya sake tambaya, har ya ce idan akwai ko ɗan shakku zai tafi da abarsa. Wannan karon saurayin ya dube mu, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro.

"Gilashi kawai, ya sheikh. Babu mai taɓa komai. Yalla, sa hannu."

Abba ya sa hannu. Aka jefa wayar cikin wata leda mai kumfa aka liƙe bakinta. Muna juyawa za mu tafi ta fara kiran sallar la'asar daga cikin ledar, a kan teburin, muryar a toshe. Saurayin ya tura ta cikin durowa ya rufe.

Sun ce 'yan kwanaki, aka shafe makonni. Umma tana girki shiru. Na lura hannunta yakan tashi zuwa kunnenta ya gyara abin da babu shi. Duk sanda Abba ya kira sai a ce ana dubawa. Daga baya saƙo ya shigo wayarsa cewa an ƙi buƙatarsa, ya zo ya karɓi kayansa. Muka koma. Wani ma'aikacin daban ne, ya nuna mana hoto a allo: wani ɗan ɗigo a cikin ramin da ake sa layi, bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce asalinsa fari ne, yanzu ya koma ja-ja, alamar ruwa ya shiga, kuma tsarinmu ba ya ɗaukar wayar da ruwa ya taɓa. Abba ya ce wannan waya ba ta taɓa faɗawa ruwa ba, ƙasa ta faɗa, kuma gilashi ya kawo a gyara. Ina kallon ɗigon nan sai na ga kicin ɗinmu, na ga fuskar Umma a cikin hayaƙin tukunya. Na ce wa Abba da Hausa, a hankali, tururin tuwo ne. Ya tsaya ya dube ni, sannan ya juya ya yi wa mutumin bayani: matarsa tana sa wayar a cikin hijabi tana girki, kuma a garin da gilashin ido yake yin hazo da zarar ka fito daga ɗaki mai sanyi, wace waya ce ɗigonta zai zauna fari? Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce tururi ma ruwa ne.

Abbanku a kan tace ruwan teku yake bincikensa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce ya san mene ne tururi, abin da yake tambaya shi ne me ya haɗa tururi da gilashin da ya fashe a kan tayil. Ya nemi manaja. Manajan ya fito yana gyara agogo, ya saurara kaɗan, ya ce abin da Abba yake nufi yana cikin babban tsari ne, namu ƙarami ne. Abba ya ce ranar da aka sayar masa babu wanda ya ambaci babba da ƙarami, cewa aka yi ko me ya same ta. Manajan ya tambaya ko yana da wannan a rubuce. Sai na ji muryar da ban taɓa ji daga bakin Abba ba. Ya buga tafinsa a kan teburin, ya ce kowane wata hannunsu bai taɓa mantuwa da aljihunsa ba, ba su taɓa leƙa wani ɗigo ba kafin su cira, sai yau da aka zo karɓa suka san da ɗigo. Mutanen da ke layi suka juyo. Wata mata ta janye ɗanta. Manajan ya ɗaga wa mai gadi yatsa ɗaya kawai.

Mai gadin da ya zo dogo ne, baƙi, da hula mai baki. Ya tsaya dab da kafaɗar Abba ya yi magana ƙasa-ƙasa, kuma da Hausa ya yi ta, Hausar Sakkwato.

"Alhaji, don girman Allah ka sassauta. In ka ƙara ɗaga murya 'yan sanda za su kira, kuma ka san iƙamar zamanka a ƙasar nan da ta iyalinka a hannun makaranta take. Ni ma in ban fitar da kai ba aikina ne. Ka dubi yarinyar nan."

Abba ya dube ni. Ban san ina kuka ba sai da na ga yadda ya dube ni. Ya ɗauki ledar, mai gadin ya raka mu har bakin ƙofa yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Har yau idan na tuna, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan: sun zalunce mu, kuma ɗan'uwanmu suka sa ya fitar da mu, su suna tsaye cikin sanyi suna kiran na gaba.

A cikin jirgin ƙasa na Metro Abba ya ɗan huce. Ya ce ba komai, kuɗin sun tafi, amma ga wayar a hannu, gara a bi maganar Umma. Muka sauka a Mansura. Shagon Malam Isiyaku yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai aski da mai shayi. Ya karɓi wayar, ya ce wa Abba ya zauna, ya aika aka kawo mana shayin karak a kofin takarda. Ina kallon hannunsa. Ya jera ƙananan kusoshin a kan wani maganaɗisu yadda ya ciro su, ya ɗaga tsohon gilashin, ya ɗora sabo. Shayina bai huce ba ya gama. Ya danna maɓallin gefe, wayar ta yi haske, Abba ya ce alhamdulillahi. Amma hoton da muka sani bai fito ba, wanda Inna take zaune a kan tabarma da Ilham a cinyarta. Fari fat ne ya fito, da kalmar maraba tana sauyawa daga wannan harshe zuwa wancan, kamar ranar da aka ciro ta daga kwali. Malam Isiyaku ya daɗe yana kallonta. Ya jona ta da kwamfutarsa, ya gwada abin da zai gwada, mai askin ma ya leƙo. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya ajiye.

"Malam, sun wanke ta. Da nan ka fara kawowa, da ko saƙo ɗaya bai motsa ba."

Abba ya kira kamfanin a nan tsaye a bakin shagon. Na ji muryar matar tana fitowa daga wayarsa, a natse, kamar mai karanta sanarwa. Ta ce ƙa'idarsu ce, duk wayar da ta shigo sai an mayar da ita sabuwa kafin a fara dubawa, don kare sirrin mai ita, kuma ya amince da hakan da ya sa hannu. Ku duba tsarin aikin nan da kyau. Sun fara gogewa, sannan suka leƙa ramin layi, abin da ko a kan teburin shago za a iya yi da fitilar waya, sannan suka ce ba za su gyara ba. Da saurayin nan ya leƙa ranar farko, da ya ce mana a'a mun tafi da Inna gida. Abba ya tambayi matar sirrin wa suka kare. Ta ce akwai wani abin da za ta iya taimaka masa da shi?

Umma tana ninke kaya a falo muka shiga. Ta ga sabon gilashi fuskarta ta washe, ta karɓa, ta shafa, ta shiga inda saƙonni suke. Ta daɗe tana shafa wurin da babu komai. Abba yana tsaye bai ko cire takalmi ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam, na ce maka Mansura."

Sau ɗaya ta faɗa, ba da ƙarfi ba, kuma ba ta sake faɗa ba har yau. Amma gidan ya canza. Tuwon Juma'a ya tsaya, ɗaliban suka daina zuwa. Tsakaninta da Abba sai gaisuwa da maganar cefane. Shi kuma ya rame. Ya rubuta ƙorafi ya sake rubutawa, amsar da ya samu ita ce za su yi masa rangwame a kan sabuwar waya idan ya koma babban tsari. Ya soke kariyar, sai da ya je da ƙafarsa ma kafin suka daina cira. Sannan ya bi dangin Zariya ɗaya bayan ɗaya a waya, yana roƙon duk wanda yake da muryar Inna ko ta daƙiƙa ce ya turo. Bai ɓoye musu komai ba, ya ce shi ya kai wayar. Ta haka Anti Lami ta samu labari, ta yanke kansa da ƙafarsa ta riƙe tsakiya. Abin da aka samu duka shi ne wani bidiyon biki, Inna a gefe tana magana da wata tsohuwa, bakinta yana motsi, kiɗa ya danne komai. Abba ya kai shi wurin abokansa masu ilimin kwamfuta ko za a iya raba muryar da kiɗan. Ba a iya ba.

Wannan shi ne mutumin da ka ce ya goge Inna, Haidar. Ya tambaya kafin ya miƙa, ya sake tambaya, aka dube shi ido da ido aka yi masa ƙarya. Waɗanda suka goge ta ba su san sunanta ba, kuma har yanzu saƙonsu yana shigowa wayarsa lokaci-lokaci, wai ya kare abin da yake ƙauna. Ina ganin yadda yake kife wayar a kan tebur idan ya karanta.

Tuwon ya dawo ne wata Juma'a da sanyi ya fara shigowa. Ban san me suka tattauna ba, na dai ga Umma ta ɗora babbar tukunya. Ina kan kujerata ina yanka albasa, tana tuƙi, babu komai a cikin hijabinta. Ba ta juyo ba ta tambaye ni, a saƙon akuyar nan, me Inna take cewa bayan ta gaishe da Malam? Na sani. Na ji su sau da yawa daga wannan kujerar har na haddace su da inda take tari da inda take dariya. Na ajiye wuƙar, na ce sai dai in faro daga farko. Ta ce in faro. Na ce, ya fara, Sani, ya fara ɗauka? A daidai lokacin na ga inuwar Abba a bakin ƙofar kicin, ya dawo daga masallaci da dardumarsa a kafaɗa. Ya tsaya a nan, bai shigo ba, bai kuma koma ba. Umma ma ta gan shi. Muciyar ta tsaya a hannunta.

"Ba haka Inna take jan maganar ba," in ji ta. "Malam, shigo ka zauna, kai ta fara gaisarwa. Ummi, ci gaba."